Na Bakin Ƙofa

Ranar da aka ba da dogon hutu, Malam Abdulwahab na Kwarbai ya dawo daga ofis ya tarar an ajiye masa sakamakon jarrabawar yaransa biyu a kan buzu. Na Batulu, wadda ta gama aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ya sa shi gyaɗa kai. Na yayanta Muntasir, ɗan aji biyu, da ya karanta sai ya ninke ya cusa ƙarƙashin buzun kamar mai ɓoye kayan sata. Yaron da a firamare ba a raba shi da sahun gaba, ga shi yau can ƙasa, saura ƙiris ya ɗauko na ƙarshe.

Makarantar ta yi wa iyaye nasiha, ta ce kada a bar yara su cinye hutu a yawon banza, a riƙa zama da su kullum ana ɗan karatu da lissafi, iyaye da 'ya'ya tare. Nasiha ce mai kyau, ba mai cewa ba haka ba. Malam Abdulwahab ya taɓa riƙe alli kafin ya koma aikin ofis, saboda haka bai nemi kowa ba, sai ya ɗauki hutunsa na ofis. Ya sayo baƙin fenti ya shafe bango guda na zaurensa, ya zama allo. Maƙwabta suka ji labari, kowa ya ce a haɗa da nasa. Kafin a fara lesin ɗin ma yara sun isa cika tabarma biyu.

Ana gobe za a fara, bayan la'asar, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya. Da mahaifiyarsa Hajiya Mero yake magana, amma ba don ita aka yi maganar ba.

"Hajiya, ki faɗa wa mijin nan naki. Ranar da za mu rufe lesin zan tara iyayen yara. In aka yi masa tambaya gaban mutane ya kasa, wallahi ya gama boko. Shagon ƙanena Rilwanu a Sabon Gari kullum neman mai sauke siminti ake yi."

Hajiya Mero tana gyaran zogale a faifai, ta yi dariya ta dubi jikanta.

"Ka ji ko, maigida? Ni dai ba na zama da miji daƙiƙi. Ka zama ɗan dako ka ga in ban nemi saki ba."

Muntasir yana tsugune gindin rijiya yana wanke takalmin makaranta. Ya ji. Bai ɗago ba.

Wani zai ce, me ya hana uba ya kira ɗansa ya faɗa masa da bakinsa? Muntasir ɗan fari ne. A gidaje irin wannan uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zaunar da shi kusa, ba ya ƙura masa ido, balle a gan shi yana lallashi. Uwa ta fi. Mahaifiyarsa Jamilatu tun da ta yaye shi ta miƙa wa Hajiya ba ta taɓa cewa Muntasir ba, in ta kama dole sai ta ce wa ƙannensa, "yayanku." Kunya ce, da ita ake auna tarbiyyar gida, kuma ba wanda ya ce ba ta da amfani. Amma a gidan nan ta kai yaro ya yi girma har ya fara tsawo, cikin waɗanda suka haife shi ba wanda ya taɓa duban cikin idonsa.

Washegari da hantsi hadari ya haɗo. Zauren irin na da ne, ba taga, haske sai wanda ya shigo ta ƙofa. Muntasir ya riga kowa shiga, ya zauna daf da allo, kusa da inda babansa zai tsaya. Malam ya shigo da alli a hannu, ya ga wanda ke gindin ƙafarsa, ga yaran maƙwabta suna kallo. Ya kawar da kai.

"Kai, koma can."

"Baba, nan ya fi mini..."

"Can na ce. Ƙato da kai za ka tare wa yara."

Can ɗin shi ne bakin ƙofa, inda ake tara takalma. Muntasir ya ture silifa biyu ya zauna.

Malam ya ce, "Dokar ajina guda ce, kuma da ita aka koyar da mu. Wanda ya kasa, wanda ya ci shi zai rankwashe shi. Babu babba babu yaro."

Yara suka tuntsire da dariya, kowa na lanƙwasa yatsa yana gwadawa a kan na kusa da shi. Malam ya juya ya rubuta lissafi a bango.

"Na bakin ƙofa, karanta mana ka ba da amsa."

Muntasir ya miƙe, ya tsuke ido, ya tura wuya gaba. Abin da yake hangowa fari-fari ne kawai a kan baƙi, kamar an watsa gari a gindin tukunya.

"Baba, ba na gani."

"Ba ka gani, ko ba ka ga dama ba? Wa zai yi?"

Batulu ta ɗaga hannu kafin ta yi tunani, ta faɗi amsa tsaf.

"Madalla. Je ki."

Sai a lokacin ta tuna da dokar. Ta tsaya tana murza gefen hijabi.

"Baba, Yaya ne fa."

"Na ce babu babba babu yaro. Kai kuma durƙusa mata, ai ba ta kai ba."

Ya durƙusa cikin takalma. Ta zo ta rankwashe shi tana kallon ƙasa. Haisam, ɗan maƙwabcinsu Alhaji Nasidi, ya ce, "Kun ji ƙara? Kamar kalangu!" Zaure ya ɗauki dariya. Kafin azahar sunan ya fita lungu: Kalangun Batulu.

To, a duba nan. Mutumin da ya riƙe al'adar ƙin kama sunan ɗa da hannu biyu, shi ne ya yar da wadda ta ce ƙanwa ba ta ɗaga wa yayanta hannu. Wadda ta yi masa sauƙi ya ɗauka, wadda za ta kare yaron ya zubar.

Haka aka ci gaba. Damina ta zauna, zaure kullum duhu-duhu, wuta kuwa ba a maganarta. In Malam ya faɗi tambaya da baki, Muntasir kan amsa kafin kowa ya buɗe nasa. In rubutawa aka yi, sai durƙuso. Mai hankali da ya ga haka zai tsaya ya tambayi kansa dalili. Malam Abdulwahab hujja ya samu.

"Ka gani ko, Alhaji?" ya ce wa Alhaji Nasidi suna zaune a dakali. "In ya so yana amsawa. Ba rashin sani ba ne, taurin kai ne. So yake a riƙa tauna masa ana sa masa a baki. Jiya na leƙa ɗaki na gan shi ya kai littafi har hanci yana sansana kamar akuya, wai shi karatu yake."

"Yaran yanzu sai haƙuri," in ji Alhaji Nasidi. "Ka dai ci gaba, Allah Ya ba da lada. Nawa har ya iya jadawalin sau."

Daga ranar Malam ya daina faɗin tambaya da baki. Sai ya rubuta ya nuna da sanda.

Muntasir ya gwada dabara. Yakan saci jiki ya shiga zaure da sassafe ko zai tarar da rubutu ya haddace, sai ya iske an goge tas, don Malam ba ya rubutu sai kowa ya zauna. Ya gwada matsowa kaɗan-kaɗan da gindi in hankalin babansa ya tafi wani wuri. Haisam ya tona shi.

"Malam, Kalangu yana rarrafe!"

Aka mai da shi cikin takalma, aka ƙara masa biyu na satar hanya.

Wata rana da aka tashi ya je bakin madafi ya tsaya. Uwarsa tana hura wuta, itacen ya jiƙe.

"Umma."

Ba ta juyo ba.

"Umma, wallahi ba na ganin allon. A makaranta ma tun da aka mai da ni baya saboda tsawo ba na gani. Ki faɗa wa Baba."

Jamilatu ta ji, har cikin ƙashinta ta ji. Ai ta sani. Ta sha ganinsa ta gefen ido yana tsuke fuska kafin ya gane mai sallama. Amma ga surukarta can a rumfa, kunne a buɗe. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Batulu! Zo ki ce wa yayanki ya tashi mini daga hayaƙin nan, shi ke ɓata masa ido."

Hajiya Mero ta ce, "Ido ne? Zo nan, maigida, kawo in gani." Ta kama haɓarsa, ta ɗaga fatar idon da babban yatsa. "Ras yake, fari tas. Kakanka a zauren nan ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa a hasken aci-balbal, har ya koma ga Allah bai rataya kwalba a fuska ba. Makanta ba ta gidanmu ba ce. Tabarau ɗin nan da kuke sha'awa shi ke cinye idon yara, wanda ya fara ba ya bari. Miƙo mini tandun kwallina."

Ta rangaɗa masa kwalli, ta shafa masa man zafi a inda kan ya fara kumbura, tana cewa kan miji ne, gara ya yi ƙwari. Washegari da ya shiga zaure yara suka ce Kalangu ya yi kwalliya, amarya ake kawowa.

Jamilatu ta kwana biyu abin yana cin ta. Da ta kai wa mijinta abincin rana wata ranar Asabar, ta ajiye ta ƙi tashi.

"Malam, yaron nan."

"Wanne?"

"Yayan su Batulu. Ko za a kai shi a duba masa ido?"

Ya ajiye cokali, ya dube ta da wani murmushi da ya fi faɗa ciwo.

"Ikon Allah. Jamilatu, yau ke ce da bakinki kike roƙa wa ɗan fari? Bari Hajiya ta ji."

"Don Allah ka rufa mini asiri."

"To ki bar ni da shi. Mu ma haka aka yi mana, ga mu mun zama mutane. Wanda ke ganin ƙwallo a fili ai zai ga alli."

Ta kwashe kwanuka ta fita tana jin kamar an kama ta da abin kunya. Shi kuwa bai san rabon yaron da filin ƙwallo tun bara ba. Ta ina zai sani, abin da ba ya kallo?

Batulu ita ma ta shiga nata halin. Ta daina ɗaga hannu. In aka tambaye ta sai ta ba da amsar banza da gangan, a rankwashe ta, ta haɗiye. Sai dai duk tambayar da ta bari Haisam ke ci, shi kuwa Haisam har baya yake ja, ya hura yatsa, ya sauke da ƙarfinsa duka. Ran da ta ga hawaye ya zubo wa yayanta ba tare da ya yi kuka ba, ta koma amsawa, don dai hannunta ya riga na Haisam. Takan taɓa kan a hankali kamar mai cire ƙura.

"Ban ji ƙara ba," in ji Malam. "Sake."

Sai ta sake.

Da can su biyun kwano ɗaya suke ci. Yanzu in ta zauna sai ya ce ya ƙoshi. Ba fushi yake da ita ba, kallonta ne ba ya iyawa, ita ma ba ta iya kallonsa. Ya koma sa hula ko'ina, har wurin kwanciya. In aka aike shi sayen ƙosai yakan zagaya ta lungun baya, don yaran bakin masallaci da sun hango shi sai su fara kiɗa da baki. Daga nan harshe ya fara sarƙewa. Yaron da ke karanta sura ba gargada, ya zamana kafin ya ce "Baba" sai ya ja ta sau uku. Malam ya ce sabon salo ne. Hajiya ta ce iskar damina ce, ta sa aka karɓo rubutun sha. Jamilatu ta ƙara masa nama a miya ta hannun Batulu, wai ita ta yi nata ke nan.

Hutu ya zo ƙarshe. Ranar rufe lesin aka share zaure, aka shimfiɗa darduma gefen bango don iyaye maza, aka kawo zoɓo da cincin. Mata suka taru a bayan ƙofar cikin gida suna leƙe. Rilwanu ya zo da babur ɗinsa ya kafe a waje, an riga an ɗaure jakar kayan Muntasir a bayansa, don Malam ya ce ba ya son a tsaya jan magana in an tashi.

Yara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya karanta Turanci, wancan ya yi lissafi, iyaye na cewa masha Allah. Alhaji Nasidi ya ce wa na kusa da shi ai hutun bana ba a yi asararsa ba. Da aka gama da kowa, Malam ya goge bango, ya cika shi da lissafi mai tsawo, na 'yan aji biyu. Ya nuna da sanda bai juyo ba.

"Na bakin ƙofa."

Muntasir ya miƙe. Bayansa babur ne, gabansa farin hazo.

"Ba... ba... ba..."

Wani yaro ya yi kiɗa da baki a hankali, aka ji 'yar dariya.

Malam ya ce, "Jama'a kun gani da idonku, kada gobe a ce na zalunce shi. Batulu, ko ke kin iya wannan. Yi masa."

Batulu ta tashi. Ba ta nufi allo ba, ta bi ta tsakanin yara ta nufi ƙofa. Muntasir da ya ga inuwarta ta iso, sai jikinsa ya yi abin da ya saba. Ya durƙusa, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Hasken ƙofa ya sauka a kan, kowa ya ga ƙulu-ƙulun da ke jere a tsakiyarsa, wani ya baƙe, wani sabo. Dariyar ta ɗauke.

Ta kama wuyan hannunsa ta ja.

"Tashi, Yaya."

"Batulu!" Malam ya daka tsawa.

Batulu ta ce, "Baba, ka bar shi ya tsaya a nan sau ɗaya tak. In ya kasa, ni ka rankwashe ni."

"Bar su, Malam," in ji Alhaji Nasidi.

Ta jawo shi yana tuntuɓe da ƙafafun yara har gaban bango, ta ɗauki guntun alli ta sa masa a hannu. Ya matsa, ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓa fenti. Ya bi layin farko da fuska daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo ya bi na biyu. Sai alli ya fara tafiya. Ba a jin komai a zauren sai ƙararsa da ɗigar ruwa daga indararo. Bai tsaya ba, bai goge ba, har ya kai ƙasa ya ja layi biyu. Da ya juyo, goshinsa da kan hancinsa sun yi fari da ƙurar alli. Ko Haisam bai yi dariya ba.

Alhaji Nasidi ya ce, "Malam, amsar daidai ce?"

Malam Abdulwahab ya daɗe yana kallon bango.

"Daidai ce."

"To ai yaron nan gani ne ba ya yi. Zo nan, ɗana. Tun yaushe?"

"Tu... tun aji ɗaya."

"Subhanallahi. Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Na... na faɗa."

"Wa ka faɗa wa?"

Muntasir ya juya wajen da babansa yake tsaye. Ya juya wajen ƙofar cikin gida. Sai ya sauke kai ƙasa. Ɗan da ba a taɓa kama sunansa ba, shi ne ya ƙi kama sunan kowa gaban mutane. Da ya faɗa ma da ya fi musu sauƙi. A bayan ƙofa aka ji faranti ya faɗi, kofuna suka watse.

Malam yana tsaye da sanda a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Alhaji Nasidi ya dubi ɗansa, Haisam ya cusa hannu a aljihu, sai shi ma uban ya sauke ido, don ai kullum yaron na ba shi labarin Kalangu yana dariya. Iyaye suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa na neman takalminsa a wurin da yaron ya yi hutunsa. Zoɓo ya kwana a jarka. Rilwanu ya fita ya kwance jakar daga babur, ya shigar da ita cikin gida, ya tafi ko sallama bai yi wa wansa ba.

Da safe Malam ya tsaya a tsakar gida, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ko a aika wa Rilwanu ya zo ya kai mijin naki asibitin ido."

Har yanzu dai ta bakin wani. Hajiya ba ta kai ga amsawa ba Jamilatu ta fito daga ɗaki da hijabi har ƙasa, idonta a kumbure. Ta tsaya a tsakiyar gida.

"Muntasir."

Batulu ta saki tsintsiya.

"La'ilaha illallahu!" in ji Hajiya Mero. "Jamilatu, sunansa kika kama? A gabana?"

"Hajiya, ki gafarce ni. Ni na haife shi, ni ya kawo wa kuka na kore shi da hayaƙi. Muntasir, sa takalminka mu je."

Suka fita tare, kafaɗa da kafaɗa, matan lungu na leƙe ta katanga. A asibiti likita ya gwada shi, ya dube ta ya ce, "Hajiya, duk tsawon lokacin nan ba wanda ya lura a gida?" Ta sunkuyar da kai ta karɓi takardar tabarau da ya rubuta. Ran da aka karɓo tabarau, suna fitowa yaron ya tsaya cak yana kallon wata bishiyar darbejiya a tsallaken titi.

"U... Umma, ashe ana ganin ganye ɗai-ɗai daga nesa?"

Ta ja hijabi ta rufe fuska a bakin titi, mutane na wucewa.

An koma makaranta da Muntasir a ciki, ya shiga aji uku, an ba shi kujerar gaba. Lissafinsa ya dawo. Harshen bai dawo ba. In na kusa da shi ya ɗaga hannu zai amsa tambaya, sai ka ga ya noƙe kai cikin kafaɗa. Shi da Batulu har yau ba su koma kwano ɗaya ba.

Makaranta ta ce a zauna da yara a lokacin hutu. A zauna da su aka ce, ba a tara su a jera ba. Malam Abdulwahab ya sayi fenti, ya sayi alli, ya ba da safiyarsa duka, unguwa ta yaba masa, amma abin da bai fi taku kaɗan ba, ya matso ya dubi fuskar ɗansa, shi ne ya gagare shi. Uwa ta sani ta yi shiru don kada a ce ba ta da kunya. Kaka ta ga ido ta kare sunan gida. Maƙwabta sun ji ƙarar kan yaro kullum suka ce Allah Ya ba da lada. Duk cikinsu ba mugu, kowa da hujjarsa mai kyau, kuma a kan yaro ɗaya hujjojin suka sauka.

Malam ya sa an shafe bangon da farar ƙasa. Ya lura da wani abu kuma, don yanzu yana kallo. Duk sanda Muntasir ya dawo daga makaranta, in ya iso bakin zaure sai ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya durƙusa ya gaida shi, ya ratsa yana lalube, sai ya shiga cikin gida ya mayar. Ya kira Batulu ya tambaye ta dalili.

Tana murza hijabi ta ce, "Ya ce lokacin da ake masa dariya a nan bai ga fuskar kowa ba, Baba. Ya ce gara ya bar su haka."

Washegari Malam ya zauna a kan buzu tun kafin a tashi daga makaranta. Yaron ya iso, ya cire tabarau, ya gaida shi, ya miƙe zai wuce. Malam ya gyara murya, ya fitar da abin da bai taɓa fitarwa ba.

"Muntasir."

Yaron ya tsaya. Ya juya ya koma bakin ƙofa, ya leƙa lungu dama da hagu yana tsuke ido, yana neman mai kiran. Da ya ga ba kowa, ya dawo ya wuce ta gaban babansa ya shige cikin gida.